Shekarar da Marta Ta Kwanta a Kan Katako

Sunana Bulus, kafinta ne ni a Garwa. Asalinmu mutanen dutse ne daga bayan Mora. Mun sauko nan da ni da matata Marta da 'ya'yanmu mata biyu bayan da 'yan bindiga suka ƙone mana gari. Ba labarin wannan gudun zan ba ku ba, labarin ciwon Marta ne. Tun da ta tashi mutane suke tsayar da ni a bakin shago, wannan ya ce bayan ƙanwarsa na ciwo, wancan ya ce ƙafafun mahaifinsa sun mutu, yaya muka yi? Na gaji da ba da shi gutsure-gutsure. Ga shi nan gaba ɗaya, har da inda ni kaina na yi kuskure, don kada wani ya taka inda na taka.

Ciwon ya fara ne bayan girbi. Marta ƙosai take soyawa kowace safiya a bakin titi, kusa da inda masu babur ke tsayawa. Macen da ke sunkuye gaban kasko tun asuba, in ta ce bayanta na ciwo, ba mai ɗaga kai. Ni ma ban ɗaga ba. Na sayo mata ƙwayoyi wajen mai tallar magani a kwali, na shafa mata man zafi, ta ce da sauƙi. Mako biyu muna haka. A na uku zazzaɓi ya shigo, ba mai tsanani ba, irin wanda yake zuwa da la'asar ya tafi kafin safiya, ga zufa har sai ta sauya zane. Muka je ƙaramin asibitin unguwa, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka yi mata allura kwana uku. Da bai tafi ba aka ce taifot ne. Ta shanye maganin taifot tas, bayan yana nan yadda yake, ita kuma tana ta ramewa har ƙasusuwan wuyanta suka fito.

Masu ba da shawara kuwa ba su yi mana ƙaranci ba. Wani ya ce mataccen jini ne, muka kira wanzami ya jera mata ƙaho shida a baya. Wata ta ce sanyi ne, aka dafa saiwoyi. Kawun Marta da ke can dutse ya aiko da saƙo cewa tun da muka gudu ba mu koma mun gai da kakanni ba, su ne suka yi fushi, a kawo akuya a yanka a inda aka saba. Da na faɗa mata, tana kwance rub da ciki, sai ta ce, "Ka ce ina gaishe da Kawu da kyau. Amma kaina na riga na ba Yesu, ba ni da wani kan da zan kai dutse."

A wata na uku ina shafa mata mai sai hannuna ya ji wani ƙullutu a tsakiyar bayanta, mai tauri, kamar gaɓar yatsa in an lanƙwasa. Ta ce mini kwana biyu ke nan tana jin kamar tururuwa na yawo a ƙafafunta, in ta taka ƙasa kuma kamar auduga take takawa. Duk da haka ba ta bar suya ba. Ranar wata Talata ta ɗauko robar ƙullu za ta tsallaka titi, ƙafafun suka ƙi, ta zube a ƙasa. Masu babur ne suka kawo mini ita shago, ƙullu duk a jikinta, tana ba ni haƙuri a kan waken da ya zube.

A ranar muka tafi babban asibiti. Wanda bai taɓa bin layin asibiti da mara lafiyar da ba ya iya zama ba, ba zai gane ba. Ka sayi karne, wato ɗan littafin da ake rubuta ciwo a ciki. Ka kai wannan taga a tura ka waccan, komai da Faransanci, ni kuwa Faransancina na sayen ƙusa da fenti ne. Na shimfiɗa mata tabarma a baranda, ina gudu tsakanin layi da ita. Sai a rana ta uku muka ga likita. Ya rubuta gwajin jini da hoton ƙashi, wanda suke kira radiyo. Da ya duba hoton sai ya ce a yi wani babba da ake shigar da mutum cikin na'ura. Na'urar ta lalace, muka jira kwana tara. Don wannan hoton na sayar da injin goge katakona, wanda na yi shekara uku ina tari kafin na saya.

Abin da Allah ya taimake mu da shi, likitan nan mutumin Kuseri ne, yana jin Hausa. Ya ɗaga hoton wajen taga ya kira ni.

"Malam Bulus, ka ga waɗannan ƙasusuwan a jere kamar tubali? Dubi nan. Biyu sun ruɓe sun zube a kan juna, suna danne jijiyar da ke kai ƙarfi ƙafa. Tana tari?"

Na ce ba ta yi.

"Akwai wanda ya taɓa yin dogon tari a gidanku?"

Marta ce ta amsa daga kan gado. Ta ce mahaifinta, lokacin da muke kwana a ajin makaranta bayan gudu, mu fiye da talatin a ɗaki ɗaya. Ita ta yi jinyarsa har ya rasu.

Likitan ya gyaɗa kai. Ya ce ƙwayar tarin fuka ce, tana iya kwanciya shekaru a jikin mutum, wani lokaci kuma ba huhu take kamawa ba, ƙashin baya take shiga. Ya faɗi sunan ciwon da Faransanci, mal de Pot, har yau bai fita daga kunnena ba. Ya ce maganin kyauta ne, amma shekara guda za ta yi tana sha, kowace safiya kafin ta ci komai. Za ta kwanta a kan abu mai tauri, ba zama, ba tashi, sai ya ba da izini.

Na ce, "Dokta, za ta yi tafiya?"

Ya ce, "Ban yi maka alkawari ba. Amma na ga waɗanda suka fi ta suka tashi. Abu ɗaya nake roƙonka: kada kwana ɗaya ya wuce ba ta sha ba. Ƙashi ba ya gaggawa."

Mako biyu muka yi a asibiti aka sallame mu. An gwada yaran da ni, ba a sami komai ba. Na haɗa mata gado da katakon da wani ya ba ni in yi masa ƙofa, na je na roƙe shi ya ƙara mini lokaci. Surukata, Mama Tabita, ta zo daga Mora don jinya. Tsohuwa ce mai ƙoƙari, amma ba ta iya ɗaga Marta. Juya ta kuwa dole ne, sau da yawa a yini, don kada bayanta ya yi gyambo. Wanka, sa fo, sauya shimfiɗa, duk sai da ƙarfin namiji. Ranar farko da na ɗauki fo zan zubar, Mama ta tare ƙofa.

"Ɗana, wannan ba aikin miji ba ne. Mutane za su gani."

Na ce, "Mama, ranar da na ɗauke ta a coci ma mutane sun gani."

Ta matsa ta ba ni hanya. Daga nan muka raba aiki: ita girki da wanki, ni ɗagawa da juyawa. Sai in je shago in yi awa biyu in dawo in juya ta in koma. Masu ba ni aiki wasu suka yi haƙuri, wasu suka kai wa wani.

Ƙwayoyin huɗu ne kowace safiya, manya, jajaye. Fitsarinta ya koma ja kamar ruwan zoɓo. Da ba a gargaɗe mu ba da mun ce jini ne. A watan farko gidanmu bai rabu da mutane ba. Matan zumunta na cocinmu suna zuwa kowace Alhamis da gero da sabulu, su yi waƙa su yi addu'a. Amma da maganar tarin fuka ta bazu, sai abin ya sauya. Mai shigowa ɗaki ya koma tsayawa a bakin ƙofa. Mai tsayawa a bakin ƙofa ya koma aiko da gaisuwa. In na miƙa wa baƙo ruwa sai ya ce yanzu ya sha. Ban manta wannan ba, ko da yake na yafe. Wadda ba ta taɓa fashi ba ita ce maƙwabciyarmu Dada Aisatu, Bafulatana, Musulma, mai sayar da nono. Kullum kafin ta tafi kasuwa sai ta leƙo da ƙwaryar kindirmo, ta zauna a bakin gadon ta kama ƙafar Marta tana matsawa, ta ce, "Allah hoyna," wato Allah ya sawwaƙe, ta tashi ta tafi.

A mako na bakwai babban yatsan ƙafar dama ya motsa. Rahila, babbar 'yarmu, ita ta gani ta ƙwala ihu. Muka yi murna kamar an yi mana haihuwa. Sai dai daga nan abin ya tsaya cik. Mako ya bi mako, yatsa ɗaya ne dai. Ga bazarar Garwa ta shigo, wadda ko mai lafiya ba ya iya kwanciya a ɗaki. Marta tana kan katako, ƙuraje sun feso mata, gaɓoɓinta na ciwo, maganin yana sa ta amai. Da ta ga na nufo ta da kofi da safe sai ta juya fuska bango.

A wannan halin ne Mama ta ji labarin wani mai addu'a da ke tara mutane a wani gida a bayan kasuwa, wai guragu suna tashi a hannunsa. Ta roƙe ni in bari ya zo. Na ce addu'a ai ba ta ɓata komai. Ya zo cikin fararen kaya, da murya mai daɗi, ya yi addu'a har muka yi kuka. Da ya gama idonsa ya faɗa kan kwalin magani.

Ya ce, "Ga abin da ya hana ta tashi. Ƙafarku ɗaya tana wurin Allah, ɗaya tana asibiti. Wanda ya raba ƙafa ba ya tafiya. Ku ajiye wannan ku nuna wa Allah kun dogara gare shi, kafin kwana ashirin da ɗaya za ta taka."

Bayan ya tafi Marta ta ce, "Baban Rahila, likita fa ya ce ko kwana ɗaya."

Na ce, "Wata uku muna bin likita, me muka samu? Yatsa ɗaya."

Ba Mama ce ta yanke shawarar ba, ba Marta ba ce, ni ne. Na gaji, ina son abin ya ƙare da wuri, sai na sa wa gajiyata suna bangaskiya. Na kwashe maganin na kulle a akwatin kayan aikina.

Abin da ya ƙara ruɗe mu, makon farko ta ji daɗi. Amai ya tsaya, ta ci tuwo da miyar kuka har ta nemi ƙari. Muka ce lalle aiki ya fara. A mako na biyu zazzaɓin la'asar ya dawo. A kwana na goma sha tara yatsan nan ya daina motsi, fitsari kuma ya fara zubo mata ba ta sani ba. Na aika aka kira mai addu'ar. Ya dube ta ya ce akwai zunubin da ta ɓoye, shi ya toshe hanya, ta faɗe shi a gabanmu.

Marta ta yi kuka irin wanda ban ga ta yi ba ko ranar da gidanmu ke cin wuta. Da ta share hawaye ta dube shi ta ce, "Malam, zunubaina Ubangiji ya san su, na kuwa kai masa su tun tuni. Ba su suka cinye mini ƙashi ba." Sai ta juyo gare ni. "Baban Rahila, ka kai ni asibiti."

Na ɗauko mota muka tafi. Na yi zaton likitan zai yi mini tsawa, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Ya saurare ni har na gama, ya rufe karnen. Sannan ya ce ƙwayar ciwon nan in aka tsaya mata a tsakiya tana iya koyon maganin, ta daina jin sa. Za a yi gwaji. In ta koya, sai wani magani mai tsanani da ya fi wannan tsawo. In ba ta koya ba, za a sake farawa daga ranar farko, watanni ukun da suka wuce sun tafi.

Da zan fita ya ce, "Malam Bulus, ni ma ina sallah sau biyar, kuma ina rubuta magani. Ban taɓa jin ɗaya ya kori ɗaya ba. Ka yi addu'arka, ka ba ta maganinta."

Sakamakon ya fito, Allah ya rufa asiri, ƙwayar ba ta koya ba. Aka sake ƙirga daga ɗaya. Amma Marta ta koma baya fiye da farkon zuwanmu. Aka sa mata robar fitsari. Gyambo ya buɗe a ƙasan bayanta, faɗin tafin hannu, kullum sai an wanke an sa bandeji, bandeji kuwa ba kyauta ba ne. Na sayar da babur ɗina. Ƙaramar 'yarmu ta zauna gida zango ɗaya ba makaranta.

Nan ne ni kuma nawa ciwon ya kama ni. Na daina zuwa coci. In na durƙusa zan yi addu'a sai bakina ya yi nauyi, ba abin da ke fitowa. Ina yin aikin jinya duka, ban fasa ko ɗaya ba, amma cikina kamar busasshiyar rijiya. Kunya tana cina in na dubi gyambon nan, don na san da hannuna a ciki. Haushi kuma yana cina, ban ma san na wa ba.

Lahadi biyar ban je ba. Ranar wata Laraba da hantsi ina fere katako sai ga Faston cocinmu ya shigo shago. Dattijo ne, shi ma mutumin dutse, ba mai yawan magana ba. Ya zauna a kan wani benci da ban gama ba, ya ce, "Bulus, ba mu ganinka."

Ban yi niyyar faɗa ba, amma sai ya zubo. Na ce, "Baba, an ƙone mana gari, ba mu saki Yesu ba. An ce mu yanka akuya a dutse, mun ƙi. Wanda ya zo da sunan Allah na ba shi gaskiya, ga inda ya kai mu. Matar nan tun tana yarinya take waƙa a coci. Me ta yi? Ka gaya mini dalili, sai in dawo."

Ya daɗe yana juya wani guntun katako a hannunsa. Ya ce, "Ban san dalili ba, Bulus. In na ƙirƙiro maka ɗaya, na zama kamar wancan mutumin. Abin da na sani, mun bar ku ku kaɗai, shi ya sa ya sami ƙofar shiga. Wannan laifinmu ne, na zo in roƙi gafara."

Ban taɓa jin babba irinsa ya roƙi gafarata ba. Na ajiye abin fira na zauna a ƙasa.

Ya ce, "In addu'a ta gagare ka yanzu, bar mana ita mu riƙe maka. Kai ka riƙe magani. Ranar Lahadi ka zo ka zauna a baya. Ba sai ka yi waƙa ba."

Lahadin nan na je na zauna a baya, ban yi waƙa ba. Bayan wa'azi Fasto ya tsayar da wata ma'aikaciyar asibiti da ke cikin ikilisiya, ta yi wa jama'a bayani cewa irin ciwon Marta, tana kuma kan magani, ba a ɗaukarsa a kofi ko a gaisuwa. Mata da yawa suka sunkuyar da kai. Daga makon nan aka tsara, kullum mace biyu za su wuni a gidanmu don in samu in yi aiki. Ma'aikaciyar nan kuma ta riƙa biyowa bayan ta tashi aiki tana wanke gyambon, ta koya mini yadda ake yi. Wata rana na dawo na tarar da Dada Aisatu da matan zumunta biyu sun haɗu suna juya Marta, ana ta gardama da Fulatanci a kan wa zai kama kafaɗa.

Amma wadda ta dawo da ni sosai Marta ce. Wata safiya na kawo mata ƙwayoyin, na ga ta rufe ido leɓunanta na motsi. Na ce, "Har yanzu kina roƙo ya tashe ki?"

Ta ce, "Wannan na bar masa, ya san inda nake kwance. Ni dai kullum ina cewa ya ba ni ƙarfin haɗiye huɗun nan. Na gobe sai gobe."

Na ce, "Ba ki jin haushina?"

Ta ce, "Na ji, har na gaji da ji. Miƙo ruwan."

Daga ranar, in ta rufe ido sai in rufe nawa. Da farko amin kawai nake cewa. A hankali bakina ya buɗe.

Sauran labarin ba shi da abin mamaki, jimiri ne kawai. Kowane wata in ɗauko mota mu je a auna ta a ba mu na wata mai zuwa. Wani zuwan mu wuni a layi a ce mai ba da magani ya fita, mu dawo gobe. Sau ɗaya aka ce maganin ya yanke, saura na kwana biyu a hannunmu. Na zauna a bakin ofishin nan na ce ba inda za ni, har aka buga waya wani asibiti aka samo, na hau babur na haya na je na karɓo. A wata na biyu da sake farawa yatsan ya dawo. A na uku gyambo ya rufe, aka cire robar fitsari. A na huɗu ta lanƙwasa gwiwar dama. A na biyar likita ya sa aka yi mata wata rigar roba mai tauri da ke riƙe baya, ya ce ta fara zama. Ranar da muka zaunar da ita jiri ya kwashe ta, ta yi amai, ta ce a sake gobe.

Da damina ta ɗauke na kafa sanduna biyu a tsakar gida, daidai ƙugunta, tsawon taku goma. A wata na bakwai ta tsaya a tsakaninsu, ina riƙe da ita ta baya, ƙafafun na rawa kamar na ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Ta faɗi ba sau ɗaya ba. Akwai ranar da ta ce ba za ta ƙara ba, a bar ta ta mutu a kan katakonta. Mama ta zauna kusa da ita. Washegari ita da kanta ta ce a kai ta sanduna. A wata na tara ta kai ƙarshensu ta juyo. A na goma ta fita ƙofar gida da sanda biyu, Dada Aisatu ta saki ƙwarya ta yi guɗa.

Ranar da wata goma sha biyu suka cika aka sake hoto. Likitan ya ce ƙwayar ta mutu, ƙasusuwan sun haɗe, a daina magani. Amma ya faɗa mana gaskiya: ƙusumbin da ya fito mata a baya ba zai koma ba, ƙafar hagu kuma za ta riƙa ja har abada. Ya ce da ba a yi wancan tsaikon ba, mai yiwuwa da ba haka ba, mai yiwuwa kuma da haka ɗin ne, shi ma bai sani ba. Wannan maganar ina ɗauke da ita, kuma zan ci gaba da ɗauka. Marta ta ce masa, "Dokta, a kwance aka kawo ni. Mun gode, Allah ya saka."

To, ga abin da nake gaya wa masu tsayar da ni. Ciwon bayan da ya wuce wata guda, ga zazzaɓin yamma, ga rama, kada ku tsaya wajen mai kwali, ku nemi a yi hoto. In an ba ku magani mai tsawo, ku sha har ƙarshe, ko kun ji sauƙi, ko ba ku ji ba. Duk wanda ya ce ku zubar da magani don ku nuna bangaskiya, ku raka shi bakin ƙofa da ladabi. Ku kuma 'yan'uwa a coci, mara lafiya ya fi bukatarku a wata na huɗu fiye da makon farko. Wanda kuma zuciyarsa ta bushe kamar yadda tawa ta yi, kada ya ɓuya. Ni ban sami amsar tambayata ba har yau, amma ban saki Ubangiji ba, na kuma gane shi bai sake ni ba ko a lokacin da na kasa kiran sunansa.

Lahadin da ta biyo bayan daina maganin, na kira mai babur ya kai Marta coci. Ta fito da rigar zumunta da sandarta ɗaya, ta ce a sallame shi, da ƙafa za ta. Tsakanin gidanmu da coci, mai lafiya minti goma sha biyar ne. Muka fita ƙarfe takwas. Ta yi taku ashirin ta jingina da bango, ta yi talatin ta zauna a kan dutse. Rana ta ɗaga, zufa ta jiƙa rigar. Sau uku ina cewa in goya ta, tana cewa in na gaji in yi gaba. Muna jin waƙar buɗewa daga nesa, muka ji ta ƙare. Lokacin da muka iso bakin harabar, an riga an yi addu'ar rufewa, mutane suna fitowa suna gaisawa.

Suka gan ta, kowa ya tsaya. Fasto yana bakin ƙofa. Marta ta ɗago kai tana haki ta ce, "Baba, na makara."

Fasto ya juya ya dubi jama'a ya ce, "Ku koma ciki."

Kowa ya koma ya zauna a inda ya tashi. Suka jira ta har ta hau matakala ukun nan ita kaɗai, ta bi tsakiya tana jan ƙafa, ta isa bencin matan zumunta ta zauna. Sannan aka sake sujada daga farko.